Akuyarmu da Buhun Sukari

Bana azumi ya zagayo ya sake faɗowa cikin tsakiyar zafi, irin zafin da in ka taɓa ƙofar ƙarfe da azahar sai ka yarfa hannu. Ina zaune a tsakar gidanmu na unguwar Kalakla ina jiƙa hilu-mur, abin shan da ake buɗa baki da shi a nan, rediyon maƙwabta yana ta bayani a kan bashin da ake bin ƙasa, wai ya ƙaru, wai sai an ƙara ɗaure ciki. Na yi tsaki ni kaɗai. Wannan maganar na fara jin ta tun ina da goyon fari, ga shi yau ina da jikoki, ba a gama ɗaure cikin ba. Ƙanshin tsamiya da citta da ya taso daga kwanon, shi ya mayar da ni unguwar Alsahafa, gidan surukaina, wancan azumin da ya faɗo cikin irin wannan zafi fiye da shekara talatin da suka wuce.

Surukina Baba Idirisu maƙerin walda ne a wani wurin aiki na gwamnati a Alshajara. Kafin nan, shi da matarsa Hajja sun ci ƙuruciyarsu suna tsinkar auduga a gonakin Jazira. A can ya ƙulla gaba da bashi. Akwai abin da ake kira shel: ɗan kasuwa ya ba ka hatsi lokacin da rumbu ya ƙare, kai kuma ka biya shi da amfanin gonar da bai ko fito ba. Baba ya ci shel wata shekara, kaka ta yi ya tsaya yana kallo aka kwashe dawarsa aka haɗa da jakinsa. Bai taɓa yafe wa wannan ranar ba. In ya fara ba da labarin jakin nan, ko tuwo ne a gabansa sai ya huce.

Shekaru kaɗan kafin aurena gwamnati ta yi manyan baƙi, shugabannin ƙasashe. Aka sayo motoci baƙaƙe masu sheƙi, aka gina gidajen saukar baƙi, su Baba kuma aka sa su walda ƙarafan kwalliya masu lanƙwasa kamar baka da sandunan tuta a hanyar filin jirgi. Baƙi suka ci suka sha suka tafi, ƙarafan suka zauna suna tsatsa. Duk ranar da bas ya bi da shi ta wurin sai ya dawo gida yana faɗa.

"Da hannuna na yi su, ya Hajja, kuma wallahi kuɗin aro ne. Gwamnati ta ci shel a kan audugar da ba a shuka ba. Baƙi sun sha daɗi, 'yan bayanmu za su biya."

Hajja takan ce, "To ka je ka gaya musu mana. Ni me na ara?"

Abokin gardamarsa shi ne maƙwabcinmu Ustaz Abdalla, Balarabe, malamin makaranta. Shi a ganinsa ƙasa kamar gida ce, in baƙo ya zo dole ka fitar da abin da zai sa a girmama ka, ko da aro ne. Kullum suna wannan musu a kan tabarma, kullum kuma tare suke tashi.

Ba a daɗe ba maganar Baba ta fara fitowa fili. Masu bin bashi suka matsa, gwamnati ta janye hannu daga abubuwan da take sauƙaƙa wa talaka. Burodi ya koma sai an bi layi tun asuba. Mijina Sale yakan idar da salla ya wuce gidan burodi, ba ya dawowa sai rana ta take. Madarar gwangwani ta ɓace daga kantuna. Sukari kuwa, a ƙasar da aka ciwo bashi aka gina mata manyan masana'antun sukari, sai da katin rabo ake ba kowane gida ɗan abin da ba zai kai ko'ina ba. Albashin su Baba ya riƙa makara. Wuta ta ɗauke, famfo ya yi ta tari babu ruwa, mu cika randuna da abin da ya ɗiga da sassafe mu rufe da tsumma.

A cikin wannan hali ina da jaririya, 'yata ta fari. Zazzaɓi ya kwantar da ni bayan haihuwa, da na tashi nono ya ƙafe. Abin da ya riƙe ta ita ce akuyar gidan, wata ja mai dogayen kunnuwa da rashin kunya, wadda ta taɓa cinye mini gefen mayafi a kan igiya. Kowace safiya in tatse ta, in tafasa, in ba yarinyar da ƙaramin kofi. Mun gwada kunu sau ɗaya, cikinta ya ɓare har idanunta suka faɗa. Ni na san yadda abin ya kai, don ni nake wanke tsummokaran.

Sai dai a wurinmu uwa ba ta nuna kulawa da ɗan fari. Ba ki faɗin sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban manya, ba ki buɗe baki ki ce yana bukatar kaza. Iyayenmu da wannan kunyar suka taso daga yamma, ba su yar da ita a hanya ba. Matan Larabawa na unguwa suna ta yi mini dariya. Matar Ustaz takan ce, "Ya Zainabu, 'yarki ce ko aro aka ba ki?" In yi murmushi in kau da kai. Sale ma haka yake, in yarinyar tana kuka a gaban mahaifinsa sai ya sami abin dubawa a bango. Baba ne mai ɗaukarta, yana kiranta Amaryata, yana cewa duk gidan ita kaɗai ce ba ta cin bashi.

Watan Sha'aban ya kama, aka fara aikin hilu-mur kamar kowace shekara. A unguwarmu, a gidan Hajja ake yi. Ta shimfiɗa dawa a kan jiƙaƙƙun buhuna a inuwa, tana yayyafa mata ruwa har ta yi tsiro ja. Muka shanya, muka kai niƙa, aka dama da citta da kirfa da hulba da tsamiya, aka rufe ya kwana biyu yana tashi. Ranar suya mata suka cika gidan, kowa da itacenta. Aka ɗora doka, wato faffaɗan ƙarfen da ake yin kisra, siririyar wainar dawa, a kai, ana zuba ƙullun ana baza shi siriri, ya yi duhu a naɗe. Hayaƙi ya cika ido, gumi yana bin baya, ana shan kofi ana gulmar mazaje. Hajja tana zaune a kan 'yar kujera kamar sarauniya, tana ɗanɗana na kowa tana gyarawa.

Kada a ɗauka son a sani ne kawai. Lokacin da suka zo daga Jazira, Fallata ake ce musu, sunan da Larabawa ke kiran mutanenmu na yamma da shi, ana faɗa ana taɓe baki. Da hannunta ta saya wa gidan mutunci. Ta koyi abin shan Larabawa har ta fi su iyawa, ya zamana in aka shimfiɗa tabarmar buɗa-baki a kan titi, kowane namiji ya fito da tirensa, jug ɗin gidan Baba Idirisu ake fara miƙa wa hannu. Shi kuma Baba shi ne mai tsayawa a tsakiyar titi gab da magariba, ya ware rawaninsa ya tare motoci, yana "Itfaddalu, itfaddalu!" wato bismilla ku sauko, har sai direba ya sauke fasinjoji sun sha ruwa. Duk wanda ya sauka, da jug ɗin Hajja ake tarbarsa.

Hilu-mur kuwa in babu sukari, tsami ne da ɗaci zalla.

Azumi ya kama da wani irin zafi. Kafin hantsi leɓe ya bushe. Da azahar unguwa takan yi tsit, kowa ya jiƙa zane ya lulluɓa ya kwanta a ƙarƙashin gado ko gindin randa, ko kaji ba sa motsi. La'asar na yi mu tashi kamar an zare mana laka, a tuƙa tuwo, a kaɗa miyar kuɓewa busasshiya, a dafa wake, a tace hilu-mur. Sukarin kati da wanda Hajja ta daɗe tana ɓoyewa a gwangwani suka kai mu kwanakin farko. Daga nan cokali ya fara kankarar gindin gwangwani.

Akwai mai kanti a bakin layinmu, ana ce masa Hasan. A kan teburinsa babu sukari, amma kowa ya san akwai buhuna a ɗakin baya. Shi ya kawo shawara: zai ba da buhu guda, a ɗaure masa akuya a gidansa yana shan nononta, in an biya bayan salla a kwance ta, in kuwa Layya ta zo ba a biya ba ta zama tasa. Hajja ta kawo maganar bayan an sha ruwa, ina gefe ina wanke kofuna.

"Alhaji, kwana nawa ne? Albashi zai fito."

"Wane albashi? Wanda ake jira tun wancan watan?"

"To sai mu fitar da ruwan tsami a gaban mutane? Shekara nawa ina riƙe da wannan tabarmar? So kake matar Ustaz ta ce Fallata sun koma inda suka fito?"

"Amaryata fa?"

"Kunu. Da me na raini Sale a Jazira? Cikin yaro yakan saba."

Na jira in ji Baba ya kawo labarin jaki. Bai kawo ba. Ya ci gaba da jan carbi, can ya ce, "Bari mu ga gobe." Mutumin da ya shekara yana zagin gwamnati a kan kwalliyar aro, ga shi an taɓa tasa tabarmar ya fara laushi. Ban ga laifinsa sosai ba, don na san abin da tsayuwar nan a tsakiyar titi take nufi a wurinsa. Amma raina ya ɓaci ƙwarai. Na sami Sale a ɗaki na ce ya yi magana, ya ce, "Ni in ce wa Baba me? In ce 'yata?" Na ce to ya zauna da kunyarsa, ni ma ga tawa tana shaƙe ni.

Washegari da safe na ɗauki kwano na tsuguna wurin akuya. Baba yana zaune a bakin rumfa yana gyaran takalminsa, Hajja tana tankaɗe a ƙofar madafa. Surukuwa ba ta yi wa uban mijinta gardama, uwa ba ta roƙo don 'yar fari. Amma ban taɓa jin an hana mace magana da akuya ba. Na kama hantsarta, na ɗaga murya yadda za ta kai rumfa.

"Tsaya mana, ke ja. Ki ba da na yau, gobe a gidan Hasan za ki kwana. Ke ma an ci shel a kanki. Baƙi za su sauko daga bas su sha daɗi su tafi, 'yan baya su biya. Ki yi haƙuri, haka manya suke yi, har gwamnati."

Tankaɗen Hajja ya tsaya. Baba bai ɗago ba, ya ci gaba da soka allura a takalmi kamar bai ji ba. Na gama na shige ɗaki, kunya da tsoro suka rufe ni, na zauna ina jiran abin da zai biyo baya. Ranar ko kallon inda nake Hajja ba ta yi ba.

Bayan la'asar na ji kukan akuya. Na leƙa ta taga, sai ga Baba ya kwance ta, ya riƙe igiya ya nufi ƙofa. Yarinyar tana barci a kan gado, bakinta yana motsi. A gaban kowa ban taɓa rungumarta ba, amma ranar na ɗauke ta na ƙanƙame, na yi kuka mai isata, da azumi a bakina da komai.

Rana ta yi ja sai na ji an turo ƙofa. Akuya ce ta fara shigowa, tana jan Baba, bakinta cike da ganye. Shi kuma yana rungume da damin ciyawa ɗanya. Ashe wuce kantin Hasan ya yi, ya kai ta wurin masu sayar da ciyawa a bakin kasuwa. Ya ɗaure ta, ya zube mata damin, ya ce da Hajja, "Tace abin nan ki ba ni."

"Babu sukari."

"Na sani. Ba ni haka."

Ta tace, ta miƙa masa jug ɗin. Mu mata muna cikin gida, katanga ce kawai tsakaninmu da tabarma, duk abin da aka faɗa muna ji. Muka ji Baba yana tare mota da itfaddalu ɗinsa kamar kullum. Aka kira salla, aka yi kurɓar farko. Sai wani ya yi tari. Sai muryar Ustaz Abdalla.

"Ya Hajj Idiris, yau gwamnatin gidanka ta tsiyace ne?"

"Gwamnatin gidana ta ƙi cin shel, ya Ustaz. Sukari yana wurin Hasan, kuɗinsa akuya, akuyar kuma abincin jikata ce. Wanda zai iya sha haka bismilla, wanda ba zai iya ba ga ruwan randa."

Sai dariya ta tashi. Ustaz ya ce, "Halas, shi ke nan, ka ci ni yau. Zuba mini." Ba zan ce kowa ya ji daɗinsa ba. Da aka dawo da kofuna, da yawa rabi aka sha aka bari. Hajja ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta zubar a gindin bishiya, ta shiga ɗaki. Na ji tana share hanci, ni ma abin ya taɓa ni, don na san shekarun da ta zuba a cikin jug ɗin nan.

Haka muka ƙarasa watan. Abin da na lura da shi, bayan wannan ranar tirori suka fara faɗin gaskiya. Gidan da ake ta fama a fitar da nama aka koma fitar da dafaffen wake ba tare da an sunkuyar da kai ba. Wani tsoho da ya daina fitowa tun farkon wata saboda ba shi da abin ɗorawa a tire ya dawo da dabino a ɗan faranti. Musun Baba da Ustaz kuwa bai mutu ba. Ustaz ya ci gaba da cewa ƙasa sai da ado, Baba ya ci gaba da lissafa masa ƙarafan hanyar filin jirgi.

Hajja ta daina yi mini magana. In tana son gishiri sai ta gaya wa Sale, ko ta gaya wa iska. Na gaishe ta ta amsa da ka. Abin ya dame ni, don kafin nan ita ta yi jinyata kamar 'yar cikinta.

Cikin goman ƙarshe hadari ya haɗo daga kudu. Iska ta fara zuwa da jar ƙasa, muka kwashe shanya a guje, sai ruwa ya sauko. Ƙanshin ƙasar nan da ta sha ruwan fari ya cika gidan, yara suka fita titi suna tsalle, mu manya muka tsaya a rumfa muna miƙa hannu, ga ƙishi ga ruwa ba halin sha. Washegari na makara, don rabona da barci mai sanyi an daɗe. Na fito da kwano a guje, sai na tarar da Hajja tsugune a cikin laka, ta riga ni. Ta tatse akuyar, ta tafasa, ga yarinyar a cinyarta tana ba ta da ƙaramin kofin nan. Ta san ina tsaye a bayanta. Ba ta waiwayo ba, ta dubi akuyar.

"Ke ja, ki gaya wa mai bakin nan, da ta zo ta faɗa mini cikin yarinyar bai karɓi kunu ba, da ban kai maganar ko'ina ba. Ni ma na yi goyon fari. Na san yadda kunyar take ci."

Na durƙusa a wurin, laka har gwiwa, na ce, "Ki yafe mini, Hajja." Ta ce, "Tashi ki ɗora ruwa, kin bar mutane da aiki."

Albashin su Baba bai fito ba sai bayan Layya. Da an kai akuyar, da ta tafi kamar yadda jakin Jazira ya tafi. Hajja kuma ba ta sake ganin wani azumin ba, ta rasu kafin shekara ta zagayo. Hilu-mur na ƙarshe da ta yi a duniya, matar da duk unguwa ke yabon hannunta, shi ne wanda aka sha da tsami aka bar rabi a kofi. Wannan yana cikin abubuwan da har yau ban manta ba.

Yanzu a Kalakla ana shimfiɗa tabarma, amma ba kamar da ba, hilu-mur ma a leda ake sayowa in ba ni na matsa ba. Sukari yana nan a kanti ga mai kuɗi. Ƙarafan da Baba ya yi an daɗe da tumɓuke su, an kafa waɗansu sababbi, bashin kuwa rediyo ya ce yana nan ya yi 'ya'ya.

Yarinyar nan yau ita ce ke riƙe da gidan da nake zaune, da 'ya'yanta uku. Har yanzu ban taɓa kiran sunanta ba. Jiya da magariba ta ga na ɗebi kofina na farko kafin ta zuba sukari a jug, kamar yadda nake yi kowace shekara. Yumma take ce mini, wato inna a bakin Larabawa. Ta ce, "Yumma, wai me ya sa kike shan shi haka? Sukari fa akwai, ba bashi muka ci ba."

Jikokina suka zuba mini ido. Na kurɓa, tsamin ya kama mini harshe har hawaye suka taru. Ba a yi wa 'yar fari irin wannan bayani ido da ido, kuma akuya babu. Sai na juya na dubi jug ɗin.

"Kai jug, gaya wa mai tambaya ta zuba sukarinta ta sha. Nata an riga an biya."